Jiran Gawon Shanu: Tarihin Hanyar Dogo da Sufurin Talaka a Nijar

Ranar 7 ga watan Afrilu na shekara ta 2014, birnin Yamai ya yi bikin da bai taɓa yin irinsa ba. Shugaban ƙasa na wancan lokaci, Isufu Mahamadu, tare da takwarorinsa na Benin da Togo, suka buɗe tashar jirgin ƙasa ta farko a tarihin Nijar. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 29 ga watan Janairu na 2016, aka sake taruwa domin ƙaddamar da layin dogo mai tsawon kilomita 140 da ƴan kai, wanda ya haɗa Yamai da Doso. Jama'a suka ga jirgi da taragunsa ido da ido, da yawa daga cikinsu karo na farko ke nan a rayuwarsu. Daga nan kuma sai shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Layin bai zama hanyar da ɗan kasuwa ko ɗalibi zai yanki tikiti ya hau ba, kuma bai wuce Doso ba, balle ya tarar da dogon Benin da aka shimfiɗa shi dominsa.

Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka tuntuɓe ne na rana ɗaya. Alhali kuwa ƙasar ta haura shekara ɗari tana jiran jirgi, kuma duk lokacin da aka yi shelar isowarsa, dalilai kusan iri ɗaya ne ke tsai da shi a hanya. Bin diddigin waɗannan dalilai yana da amfani a yau, domin wani sabon layi ya nufo Maraɗi daga Kano, kuma tambayar da aka daɗe ana tsallakewa tun zamanin Turawa tana nan daram: wa ake yi wa hanya, kaya ko mutane?

Zamanin ayari

Kafin zuwan Turawa, ƙasashen da suka zama kudancin Nijar mararraba ce ta manyan hanyoyi. Ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat da Agadas, ya sauka a Damagaram kafin ya ƙarasa Kano. Ayarin Abzinawa yakan tafi Fachi da Bilma bayan damina, ya ɗauko gishiri da dabino, ya kawo ƙasar Hausa ya musanya da hatsi da tufafi. Fatake kuwa jakunansu suke korawa zuwa Gwanja neman goro, tafiyar da kan ci watanni. Wannan sufuri yana da tsarinsa da shugabanninsa: madugu ke riƙe da ayari, jagaba ke shigewa gaba, akwai zangon da ake sauka, akwai kuma kuɗin da ake biyan sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. A zamanin Sarki Tanimun, cikin rabi na biyu na ƙarni na 19, Damagaram ta yi ƙarfi da arziki saboda tana zaune a kan wannan hanya. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa Tasawa a 1851, kuma a ƙarshen 1852 ya sauka a birnin Zinder yana jiran guzurin da aka aiko masa daga arewa, domin ya san nan ne saƙon Tarabulus ke biyowa.

Ita kanta iyakar da ta raba Hausawa gida biyu, batun hanya ne ya lanƙwasa ta. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta tura Faransawa can arewa, inda babu rijiyoyin da za su shayar da ayarinsu tsakanin kogin Isa da Zinder. Suka yi ta kai kuka har aka gyara iyakar a 1904 da 1906, aka ba su wata tsiriyar ƙasa mai ruwa da garuruwa. Wannan tsiriya ita ce ƙashin bayan Nijar ta yau, kuma a kanta ne babbar hanyar mota ta ƙasa ta bi daga baya.

Ranar da dogo ya iso Kano

A shekara ta 1911 Ingilishi suka kawo dogo Kano, a 1912 aka buɗe shi ga kaya da fasinja. Abin da raƙumi ke kwashe watanni kafin ya kai bakin teku, sai ga jirgi yana kai shi Ikko cikin kwanaki kaɗan. Cinikin Sahara, wanda dama ya fara rauni, ya durƙushe. Goro ya sake hanya: maimakon jaki daga Gwanja, sai jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa zuwa Kano. Turawa sun yi dogon ne da zummar kwasar auduga, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta, har ta zama dalar da ake hange daga nesa. Daga baya aka miƙa rassa biyu zuwa arewa: ɗaya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ɗaya ya kai Nguru a 1930. Dukansu sun tsaya tafiyar kwanaki kaɗan daga iyakar Faransa.

Damagaram ce ta fi jin jiki. Garin da ya kasance ƙofar arewa ya koma bayan gidan Kano. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder suka kai Yamai, bakin kogi. Maraɗi kuwa, wadda a lokacin ƙaramin gari ce cikin fadamar Gulbi, ita ta ci ribar sabon zamani. Harajin kai, wanda jama'a ke kira lanho, da kuɗi ake biyansa, kuma gyaɗa ce hanyar samun kuɗin. Cikin shekarun 1930 nomanta ya bazu a yankunan Maraɗi da Tasawa da Matamai da Magarya. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna da sikeli, ƴan ƙasa suka zama masu saye a madadinsu. Daga cikin waɗannan masu saye ne aka sami tushen alhazan Maraɗi. Gyaɗar kuwa, kan jaki da raƙumi da farko, cikin manyan motoci daga baya, Kano take nufa domin ta hau jirgin Ingilishi. Ke nan jirgin ƙasa na farko da ya sauya rayuwar manomin Nijar bai taɓa taka ƙasar Nijar ba.

Layuka biyar masu suna ɗaya

Faransa ta shimfiɗa layukan dogo a yammacin Afirka, kuma abin mamaki, kusan kowane yana ɗauke da sunan Nijar. Akwai na Dakar zuwa Nijar, wanda ya tsaya a Kulikoro kusa da Bamako. Akwai na Konakiri zuwa Nijar, wanda ya kai Kankan a 1914. Akwai na Abijan zuwa Nijar, wanda aka fara a 1904, ya kai Bobo-Julaso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. Akwai na Benin zuwa Nijar, wanda ya taso daga Kwatano a farkon ƙarni na 20, ya kai Faraku a 1936 bayan kilomita 438, ya tsaya cik. Na biyar shi ne mafarkin keta Sahara daga Aljeriya. Tun a 1881 Abzinawan Ahaggar suka hallaka tawagar Kanar Flatters da aka aika ta duba inda layin zai bi. A 1941 gwamnatin Vichy ta farfaɗo da shirin, ta sa fursunoni aikin tilas cikin rairayi, amma layin bai yi nisa da Bashar ba.

Nijar ɗin da ke cikin waɗannan sunaye kogi ne, wato kogin Isa. Manufar Turawa ita ce haɗa tashar jirgin ruwa da kogin, domin kwaso albarkatun cikin ƙasa zuwa teku. Kowane layi daga gaɓa yake tasowa ya nufi inda ake da abin kwasa, kuma da zarar lissafin riba ya nuna kuɗin shimfiɗawa sun fi abin da za a samu, sai a ajiye diga. Nijar tana da nisa, mutanenta a warwatse suke, abin da take fitarwa kuma yana da wata hanya ta Kano. Saboda haka rabonta ya zama hanyoyin ƙasa da talakawa suka share da hannunsu a ƙarƙashin aikin tilas, tare da dakon kayan Turawa a ka, har zuwa 1946 da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta wannan bauta.

Akwai wani gado da wannan zamani ya bari wanda ido ba ya gani da sauri, shi ne faɗin dogo. Faransawa sun bar mita 1 daidai tsakanin ƙarfe da ƙarfe, Ingilishi a Najeriya sun bar mita 1 da milimita 67. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Ko da an haɗa Kano da Faraku a wancan zamani, sai an sauke kaya an sake lodi a tsakani.

Daga gyaɗa zuwa uraniyom

A farkon shekarun 1950 dogon Najeriya ya kasa kwashe gyaɗar da ke taruwa a Kano, ga shi kuma Faransa ba ta son biyan kuɗin sufuri da fam na Ingila, dogon Dahome kuwa yana fama da rashin kaya. A ƙarshen 1953 sai aka ƙirƙiro shirin da aka raɗa wa suna Hirondelle, wato tsattsewa. Manyan motoci suna ɗaukar gyaɗar Nijar zuwa Faraku, su juyo da kayan da jirgi ya kawo daga Kwatano, hukuma kuma tana cike giɓin kuɗi domin doguwar hanya ta yi araha kamar gajera. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta dogo da sufuri, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975. Ta haka Nijar ta zama mai rabo a cikin kamfanin jirgin ƙasa, alhali ba ta da ko taku ɗaya na dogo a ƙasarta.

Ba a daɗe ba aka ga hatsarin rataya rayuwar ƙasa a kan igiya ɗaya. A ƙarshen 1963 rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome, wanda ya haɗa da batun tsibirin Lete da korar ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar, sai hanyar Kwatano ta toshe na wani lokaci. Daga 1967 zuwa 1970 yaƙin basasar Najeriya ya dagula ɗaya hanyar. Sannan farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 domin cinikinta ya rasa abin saye.

Uraniyom ya gaji gyaɗa. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, kuɗinsa suka cika baitulmali a ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin Seyni Kunce. Idan akwai lokacin da Nijar ta sami halin miƙa dogo daga Faraku, to wannan ne. Amma uraniyom kaya ne mai tsada marar yawa: tan dubu kaɗan a shekara, cikin ganguna, manyan motoci sun isa su kai shi Faraku. Abin da aka gina masa shi ne kwaltar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gama wajajen 1980. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, maganar dogo ta koma cikin takardu. Shi kuma layin Kwatano zuwa Faraku ya yi ta tsufa, har aka daina ɗaukar fasinja a cikinsa cikin shekarun 2000.

Yadda talaka ya yi ta tafiya

Duk tsawon wannan jira, mutane ba su zauna ba. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni. Keke ya shigo tare da kantunan Turawa, aka yi masa kirari da dokin ƙarfe. A shekarun 1950 da 1960 alama ce ta wanda ya samu: malamin lakwal, ma'aikacin hukuma, ɗan kasuwa, ko saurayin da ya dawo ci-rani daga Kurmi da keken Raleigh sabo fil. A karkara amalanken shanu da na jaki ya ɗauke wa mata da yara wani kaso na dako, ya zama motar kai hatsi kasuwa da kai mai naƙuda asibiti. Tsakanin manyan garuruwa kuwa, kamfanin SNTN da aka kafa a farkon shekarun 1960 ya riƙe dogon zango, kafin kamfanonin ƴan kasuwa masu manyan bas-bas su cika babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram cikin shekarun 2000.

A cikin gari ne tsarin ya gaza. Yamai, wadda ba ta wuce mutum dubu talatin da ƴan kai ba lokacin samun ƴancin kai a 1960, ta haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012. Bas-bas na hukuma ba su taɓa wadatar da ita ba, ko a zamanin SNTN ko bayan kafa kamfanin SOTRUNI cikin shekarun 1990. Wani bincike da aka gudanar a birnin a 1996 ya gano cewa fiye da kashi biyu cikin uku na zirga-zirgar yau da kullum da ƙafa ake yin ta. Tasi da ƙananan bas da ake kira faba-faba suka cike abin da suka iya. A Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram da Gaya, kabu-kabu ne ya cike gurbin. Ya shigo ta garuruwan iyaka, ya yaɗu saboda rashin aikin yi ga matasa, da arahar baburan Sin, da man fetur ɗin Najeriya da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa cikin kwalabe a bakin titi. Daga baya keke mai ƙafa uku ya biyo shi, ɗauke da sunan da ya samo a Kano tun 2005, wato Adaidaita Sahu.

A cikin wannan sauyi keke ya rasa darajarsa. Abin da ya kasance alfaharin malami ya koma alamar rashi, wanda ya sami hali sai ya jingine shi ya sayi babur. Aka yi ta shimfiɗa kwalta a garuruwa ba tare da an ware wa mai keke ko mai tafiya ƙasa gefensa ba. Rana ta ɓaci ga wannan tsari a 2023. Ranar 29 ga watan Mayu sabon shugaban Najeriya ya janye tallafin man fetur, farashin kwalba ya yi tashin gwauron zabo a garuruwan iyaka, kuɗin kabu-kabu ya bi shi. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakokin Benin da Najeriya, kayan Nijar suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, matafiya suka koma ƙetare kogi cikin kwalekwale tsakanin Gaya da Malanbil. A watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai, duk da matatar SORAZ da ke aiki kusa da Zinder tun 2011. Abin da ya faru a 1963 ya maimaita kansa bayan shekara sittin, a kan al'ummar da ta ninka sau da yawa.

Inda jama'a suka buɗe baki

A wasu ƙasashe, tarihin sufuri ya sauya ne ranar da masu amfani da hanya suka sa baki. Misali mafi kusa shi ne na Burkina Faso. Da masu ba da bashi suka ƙi biyan kuɗin miƙa dogo daga Wagadugu zuwa arewa, inda ma'adinin Tambawo yake, Thomas Sankara ya ƙaddamar da abin da aka kira yaƙin dogo ranar 1 ga watan Fabrairu na 1985. Ma'aikata da ɗalibai da sojoji da mutanen unguwanni suka riƙa fita rukuni-rukuni suna jera ƙarfe da hannu. An kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987, daga baya layin ya kai garin Kaya, kimanin kilomita 100, amma zirga-zirga a kansa ba ta ɗore ba. Darasin yana da fuska biyu. Gayya tana iya gina abin da banki ya ce ba zai yiwu ba. Sai dai gayyar da hukuma ta kira daga sama takan watse ranar da mai kiran ya kau, in babu ƙungiyar masu amfani da abin da za ta ci gaba da tsaronsa. Duk da haka Wagadugu ta riƙe wani abu: gari ne da mace da namiji ke hawa keke ba tare da jin kunya ba, an ware wa masu ƙafa biyu gefensu a manyan tituna, kuma tun 1987 ƙasar ke shirya tseren keke na Tour du Faso.

Misali na biyu daga Holand yake. Mutane da yawa sun ɗauka ƙasar da keke aka halicce ta, alhali a shekarun 1960 mota ta kusa kore shi daga titunanta. A 1971 mutum wajen 3.300 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa ɗiya, ya yi rubutu a 1972 yana kira da a daina kisan yara, kuma wannan kira ya zama sunan wata ƙungiya ta iyaye. Suka riƙa tare tituna, suna fitowa da yara da kekuna, suna zama da ƴan majalisa da magadan gari. Da ƙasashen Larabawa suka hana Holand man fetur a 1973, gwamnati ta haramta tuƙa mota ranakun Lahadi na tsawon makonni, jama'a suka ɗanɗana gari marar hayaniya. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, wadda ta zama abokiyar shawarar hukumomi. Sannu a hankali aka gina hanyoyin keke, aka rage gudun mota a unguwanni. A 2023 waɗanda suka mutu a hanya ba su kai 700 ba, duk da ƙaruwar jama'a da motoci, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen ƙasar a kan keke ake yin su.

Nijar ba baƙuwar irin wannan yunƙuri ba ce. A zamanin Kunce samariya ta gina ɗakunan karatu da aikin gayya. A watannin Maris da Afrilu na 2005, haɗakar ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa ta tsai da harkoki a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, har gwamnati ta ja da baya a kan harajin kashi 19 cikin ɗari da ta ɗora wa wasu kayan masarufi. Amma a fagen sufuri, masu motoci suna da ƙungiyarsu, direbobi suna da tasu, ƴan kabu-kabu ma haka. Fasinja da mai keke da mai tafiya ƙasa, waɗanda suka fi kowa yawa, su ne muryarsu ta fi rauni.

Doso da Maraɗi

Da wannan idon ya kamata a dubi abin da ya sami layin Doso. An tsara shi a matsayin yanki na wata babbar da'ira da za ta haɗa Kwatano da Yamai da Wagadugu da Abijan, aka damƙa aikin ga kamfanin Bolloré na Faransa. An fara shimfiɗawa daga Yamai, alhali tsakanin Doso da Faraku akwai giɓin da ya haura kilomita 400. An zaɓi faɗin mita 1 irin na zamanin mulkin mallaka, abin da ya jawo suka daga masu ganin ya kamata a bi faɗin da duniya ta fi amfani da shi, wato mita 1 da milimita 435. Sannan kamfanin Petrolin na attajirin Benin, Samuel Dossou, ya kai ƙara cewa shi aka fara ba aikin. A ƙarshen 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya, a 2017 kotun ƙolin Benin ta tabbatar. Aiki ya tsaya a ɓangaren Benin, na Nijar ya zama reshe marar gindi. An ƙulla abin tsakanin fadoji da kamfanoni, aka kuma warware shi a kotun wata ƙasa. Mutanen da aka ce domin su ake yi sun kasance ƴan kallo a farko da ƙarshe.

Layin Kano zuwa Maraɗi daga wata kusurwa ya fito. Gwamnatin Najeriya ce ta amince da shi a watan Satumba na 2020, a kan kuɗi kusan dalar Amurka miliyar 2, ta ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, aka ɗora harsashinsa a watan Fabrairu na 2021. Tsawonsa kilomita 284 ne, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da faɗin zamani. An sha ɗage ranar kammala shi. Yana bin sawun tsohuwar hanyar fatake da ta gyaɗa, yana haɗa garuruwan da harshe da aure da kasuwa suka riga suka haɗa, kuma wannan ne ƙarfinsa. Rauninsa shi ne wanda aka sani tun 1911: an zana shi ne domin jawo kayan Nijar zuwa tashoshin ruwan Najeriya, kuma faɗinsa ya saɓa da na layin Doso, ta yadda ƙasar za ta iya wayar gari da guntayen dogo biyu da ba sa gaisawa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa duk hanyar da aka yi domin kaya kaɗai, ranta na tare da farashin kayan. Gyaɗa ta faɗi, shirin tsattsewa ya bi ta. Uraniyom ya faɗi, maganar dogo ta kwanta. Abin da ya ɗore shi ne abin da talaka ya riƙe da hannunsa: ƙafarsa, amalankensa, kekensa. Dakar ta nuna cewa birnin Afirka na iya yi wa mazaunansa jirgi da bas, domin ta buɗe jirgin kewayen birni a ƙarshen 2021 da manyan bas-bas masu aiki da lantarki a 2024. Amma ba sai an jira miliyoyin daloli ba kafin a fara.

Tambayoyin da za su yanke amfanin jirgin Maraɗi ƙanana ne, kuma tun yanzu ake amsa su. Tarago nawa za a ware wa fasinja, kuma nawa ne kuɗin zuwa Katsina? Wace mota za ta kai mutum daga tasha zuwa babbar kasuwa? Ina mai keke zai jingine kekensa? Haka nan a garuruwan da jirgi ba zai je ba: gefen titi da aka ware wa mai keke da mai ƙafa, itatuwan bedi da za su yi masa inuwa a zafin bazara, turɓayar da za a kwashe daga bakin kwalta, alamar rage gudu a ƙofar kowace makaranta, duk suna cikin ikon ma'aikatar magajin gari. Malamai sun fi kowa sanin ɗalibin ƙauye da ke taka kilomita da dama kafin ya iso kwaleji a gajiye, da yarinyar da aka cire daga karatu saboda nisa da rashin mai masauki a gari. Keke ɗaya na iya zama bambanci tsakanin ci gaba da karatunta da barinsa. Ƙungiyoyin al'adu kuma, da wasan kwaikwayo da waƙa da gidajen rediyon al'umma, su ne ke iya maido wa dokin ƙarfe mutuncin da ya rasa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zamanin ayari, madugu ba ya tsai da ranar tashi sai ya ji ta bakin fataken da za su bi shi, domin dukiyarsu da rayukansu ne a kan hanya. Shekara ɗari da ɗoriya ana zana wa Nijar hanyoyi a Paris da Kwatano da Abuja. Ranar da iyayen yara da malamai da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa suka zauna gaban magajin gari da takardar buƙatunsu a hannu, ranar ce za a fara rubuta babin da fasinja ke da suna a cikinsa.